Binlog, UPDATE_TIME ko kwatanta kwafi: wanne zai nuna an taɓa rumbun bayanai?

Malam, ka ce manhajar mysqldump tana ɗaukar maka kwafin ajiya na rumbun bayananka na MySQL duk bayan awa ɗaya, har faifan sabar ya kusa cika da kwafi iri ɗaya, tunda daga magariba zuwa safe babu mai shigar da komai. Kana so ka gane ko an taɓa rumbun kafin ka ɗauka.

Abin da aka fi saurin kai wa hannu shi ne UPDATE_TIME na cikin information_schema.tables, wato lokacin da aka yi wa teburi canji na ƙarshe. Ni dai ba na sakin jiki da shi. A teburan InnoDB (injin ajiyar da MySQL ke amfani da shi in ba ka zaɓi wani ba), lokacin a ƙwaƙwalwar sabar kawai yake zaune, da an sake kunna MySQL sai ya koma NULL, wato babu komai. A MySQL 8.0 kuma yana iya ba ka amsar jiya, domin ana riƙe ta har sakan 86400, sai ka mai da information_schema_stats_expiry zuwa 0. Ka ga ke nan zai iya ce maka babu canji alhali akwai.

Binlog, wato kundin da MySQL ke rubuta canje-canje a ciki, ya fi shi gaskiya nesa ba kusa ba, domin kusan duk rubutun da aka yi sai ya bi ta cikinsa. Ka buga SHOW MASTER STATUS (a 8.4 sunansa SHOW BINARY LOG STATUS), zai ba ka sunan fayil da lambar matsayi. Ka adana su a ɗan fayil. Bayan awa ɗaya, in ba su motsa ba, kwafin da ke hannunka ya wadatar. Amma ka karanta lambar kafin mysqldump ya fara, ba bayan ya gama ba, kada abin da aka shigar a tsakani ya zille maka. Aibinsa biyu ne: lissafin sabar gaba ɗaya yake yi, ko da wani rumbun aka taɓa lambar za ta motsa, sannan sai kana da izinin REPLICATION CLIENT. A MariaDB, ƙanwar MySQL, ma sai ka kunna binlog ɗin da kanka.

In kuwa hayar gurbi kake a sabar haɗaka, da wuya a ba ka wannan izini. To ɗauki kwafin kamar kullum, ka auna shi da sha256sum, mai fitar da lambar shaidar fayil, in ya yi daidai da na baya ka goge sabon. Kar ka manta --skip-dump-date, don mysqldump yana rubuta kwanan wata a layin ƙarshe, wanda shi kaɗai ya isa ya bambanta fayilolin. In za ka matse, yi da gzip -n. Wannan hanyar cikar faifai kawai take ragewa, sabar na nan tana shan wahalarta. CHECKSUM TABLE ma haka, layi-layi yake karance teburin.

In sabar taka ce, binlog zan zaɓa. Sai dai in WordPress ne a kai, duba wp_options tukuna, don yakan yi rubutu a can ko kowa yana barci.