Sharhina kan ajin WhatsApp na masu son zama lauya

Wannan ajin da wasu matasan lauyoyi suke yi a WhatsApp, wai su nuna wa yara hanyoyin shiga aikin lauya, na biya wa ƙanwata dubu biyar ta shiga kuma nima na lafe a guruf ɗin ina bi, tunda wayata ce ake amfani da ita. Gaskiya kuɗin bai tafi a banza ba, amma akwai gyara.

Abin da ya fi amfanar mu shi ne lissafin shekaru. Mu a nan Gombe da yaro ya faɗi JAMB sai a ce ai ya tafi Nafaɗa ko Misau ya yi difloma a fannin shari'a, wai hanya ce mai sauƙi. To baristan da ya ɗauki darasin ya baje mana shi a faifai: ta JAMB digirin lauya shekara 5 ne, sai Law School, wato makarantar horar da lauyoyi, shekara 1. Ta difloma kuwa shekara 2 za ka fara ci, sannan ka nemi DE, wato Direct Entry, shiga jami'a kai-tsaye, a sa ka aji biyu ka yi 4, sannan Law School, ka ga 7 kenan, kuma fa in ka samu gurbin, don guraben DE kaɗan ne kuma ba kowace jami'a ke karɓar kowace difloma ba. Ya ce a fara tambayar jami'ar da ake hari kafin a biya kuɗin makaranta, ko a duba IJMB, shirin share fagen shiga jami'a. Wanda ma ya riga ya yi digiri a wani fanni zai iya dawowa ta DE, wanda ya karanto lauya a ƙasar waje kuma sai ya fara yin Bar Part I, kwas ɗin share fage kan dokokin Najeriya, tukun. A nan ne muka ji cewa babu kiredit a Literature a jarrabawar gama sakandare babu maganar lauya, Allah Ya sa ƙanwar tawa tana da shi.

Sai maganar kaso, wadda wallahi ita kaɗai ta isa dubu biyar ɗin. Ashe hukumar da ke kula da karatun lauya, Council of Legal Education, ita ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, in jami'a ta yi haɗama ta wuce adadin to yaran ne za su gama digiri su zauna a gida suna jiran layi kafin a tura sunansu Law School. Kuma ba ka zama lauya sai ka bi ta can, ko reshenta na Bwari ko Bagauda ko Yola ko ina aka jefa ka, ka yi zaman koyon aiki a kotu da ofishin lauyoyi, ka ci jarrabawa, a rantsar da kai, sunanka ya shiga rajistar Kotun Ƙoli. Iyaye da yawa ba su san wannan ba, su dai a ce yaro yana karanta Law shike nan an fara kiransa barista a unguwa.

Inda suka ba ni haushi kuma, ɓangaren shari'ar Musulunci. Mutanen Gombe da Bauchi ne cike da guruf ɗin amma a saƙon murya ɗaya aka wuce shi, an ce dai BUK da ABU da Maiduguri suna haɗa dokar ƙasa da ta Musulunci, shike nan. Ni na ɗago maganar, na ce Barista ai sashe na 276 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wa wanda ke da shaidar ilimin shari'ar Musulunci da aka amince da ita, ya riƙe ta shekara 10 kuma ya goge a aikin ko ya shahara a ilimin, damar zama Kadi a kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta jiha ko bai taka Law School ba. Ya ce haka ne Yallaɓai, za mu dawo kai. Har aka rufe ajin ba a dawo ba. Ga aikin magatakardan kotu da sauran ma'aikatan shari'a da mai difloma zai iya nema, ba wanda ya taɓo su, kamar dai in ba ka sa hular gashin nan da baƙar riga ba to ba ka cikin harkar.

Sannan saƙonnin muryar sun cika tsawo, ga Turanci zalla, data kam ta sha wuya, kuma tambaya sai ta kwana ba amsa in suna kotu. Takardar da suka turo a ƙarshe ta fi komai tsari, da ita suka fara bayarwa da an huta.

Wanda ɗansa ke aji biyu ko uku na babbar sakandare ya shiga, zai ƙaru. Wanda kuma hankalinsa na kan alƙalanci, gara ya nemi wani tsohon ma'aikacin kotun shari'a ya zauna da shi. Ƙanwar tawa dai ta fasa diflomar, JAMB za ta sake zaunawa.