Afirkan bayolet: wace tukunya za ka saya don kada ruwa ya ɓata mata ganye

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu sayar da fulawa a bakin titi a nan Jos ya san wannan 'yar shukar mai ganye mai gashi-gashi, mai fure shuɗi ko ruwan hoda ko fari, wadda ake kira Afirkan bayolet. A hannun mai sayarwa tana da ban sha'awa, amma da yawa daga cikin waɗanda suka kai ta gida ba a jimawa sai su ga ganyen ya cika da tabo. Sai a ɗora laifin a kan ƙwari, a je neman maganin feshi. Galibi ruwa ne ya yi ɓarnar, kuma tukunyar da ka saya ita ke yanke ta inda ruwan zai bi. Saboda haka kafin ka zaɓi launin fure, zaɓi tukunya.

Asalin shukar daga duwatsun Usambara ne na Tanzaniya. A 1892 wani Bajamushe mai suna Walter von Saint Paul-Illaire ya aika irinta Jamus, shi ya sa masana suka daɗe suna kiranta Saintpaulia. A can tana tsirowa ne a inuwar kurmi, cikin tsagin duwatsu masu danshi, saiwarta sirara ce kuma ba ta nitsewa ƙasa. Yanayin da ta fi so tsakanin digiri 18 ne zuwa 24, wanda ya sa Jos ta fi Abuja dacewa da ita. Sai dai hunturunmu. Ruwan da ya kwana a duro a tsakar gida cikin Disamba ko Janairu ya yi sanyin da ganyenta ba ya iya ɗauka.

Ganyen da kansa yana faɗa maka abin da ya same shi. In ka ga tabo rawaya ko fari-fari, wani kamar zobe, wani kamar an ja layi, to ruwan sanyi ne ya taɓa shi. Ƙwayoyin da ke saman ganyen masu riƙe koren launi ne ke mutuwa idan sanyi ya faɗa musu farat ɗaya, kuma ruwan da ya fi ganyen sanyi da digiri 5 ko 6 ya isa ya yi haka. Ba cuta ba ce, ba ya yaɗuwa, amma ba ya gogewa har ganyen ya tsufa. In kuwa ganye ya langaɓe alhali ƙasar a jiƙe take, saiwa ce ta fara ruɓewa. In tsakiyar shukar, inda sababbin ganye ke fitowa, ta yi baƙi ta yi laushi, ruwa ya kwanta a wurin, kuma da wuya ta tashi. Akwai na huɗu da mutane ba su cika lura da shi ba: karan ganye ya ƙone daidai inda ya jingina da bakin tukunya. Wannan gishirin taki ne da ya taru a bakin.

Ni dai tukunya mai lagwani nake saya, kuma ita nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Ba wani abin ƙasar waje ba ne. Ƙaramar tukunyar roba ce mai huda a gindi, an zura igiya ta hudar har cikin ƙasa, ɗaya bakin igiyar yana reto cikin mazubin ruwa da tukunyar ke zaune a kansa. Igiyar tana jan ruwa sama kamar yadda lagwanin fitila ke jan kananzir, daidai gwargwadon bushewar ƙasar. Ruwa ba ya haɗuwa da ganye ko tsakiya. Kuma da yake ruwan yana zaune a ɗakin da shukar take, sanyinsu ɗaya ne, babu maganar tabo ko a tsakiyar hunturu. Mai tafiya ya cika mazubin ya kama hanya, ba sai ya bar wa yara sallahu ba, su da bayin fulawa a wajensu shi ne a kwarara mata kofi a ka.

Amma tana da sharuɗɗa, kuma wanda ya tsallake su zai zage ni. Igiyar ta zama ta nailan ko zaren saƙa na roba, domin ta auduga ruɓewa take yi. Gindin tukunyar kada ya taɓa ruwan, igiyar kaɗai. Ƙasar ta zama mara nauyi: niƙaƙƙen ɓawon kwakwa da masu fulawa ke sayarwa, a haɗa shi da fararen ƙwayoyin nan da ake kira falait, kusan rabi da rabi. In ka sa jar ƙasar lambu, lagwanin zai mayar da ita taɓo, saiwar ta shaƙe. Taki na ruwa a sa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalba, tunda kullum shukar tana sha. Sau ɗaya a wata a zuba ruwa mai ɗan ɗumi ta sama, a gefen ƙasa, ya fita ta gindi ya wanke gishirin da ya taru. Mazubin kuma ya zama mai duhu, in ba haka ba gansakuka za ta cika shi. Girman tukunya: faɗinta ya zama kashi ɗaya cikin uku na faɗin shukar in ka auna daga bakin wannan ganye zuwa na ɗaya gefen. Mai sayarwa zai so ya ba ka babba don ta fi kuɗi, kada ka karɓa.

Tukunyar roba da faranti a ƙasa ita ce ta biyu, kuma ta fi araha. Ka zuba ruwa a farantin, ka bari minti 20 zuwa 30, ka zubar da ragowar. Aibinta mantuwa. Tukunyar tangaram mai hawa biyu, wato ƙarama a cikin babba, ruwa na tsatsafowa daga ta waje zuwa ta ciki, tana ƙawata falo, amma tana da tsada, kuma a damunar Jos ƙasar cikinta ba ta bushewa. Tukunyar yumɓu kuwa, duk da ina son aikin maginanmu, ita ce ta ƙone mini karan ganyen ƙasa zagaye guda, don bakinta na shan gishiri. Kwalbar feshi, a bar wa masu guga. In dole sai ta sama za ka ba da ruwa, buta mai siririn baki ta wadatar, ka cusa bakin ƙarƙashin ganye. Ruwan ya kwana a cikin ɗaki a buɗe. Ban da na randa, ban da na firij.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Akwai mai sayarwar da ya taɓa miƙo mini wata shuka ganyenta na sheƙi, yana cewa, "Alhaji, wannan sabuwar zuwa ce, dubi yadda take walƙiya." Ganyen Afirkan bayolet mai lafiya ba ya walƙiya irin haka, gashi ne da shi. Mai aka shafa masa, kuma man yana kama ƙura ya toshe ganyen. Wasu kuma suna tsinke duk ganyen da ya yi tabo da safe kafin masu saye su zo. Ɗaga ganyen ƙasa ka duba: in ka ga dogon wuya tsirara da sababbin gurabun tsinka, an yi mata kwaskwarima ne. Shukar da ka tarar ganyenta a jiƙe da sassafe, an bi ta da tiyo tare da sauran fulawa, tabonta sai ka kai gida zai bayyana.

Tukunyar ma ana yin algus a kanta. Ana sayar da mai kyau a ido wadda ba ta da huda ko ɗaya, an zuba tsakuwa a gindi a ce wai ruwa zai sauka can. Ba ya zuwa ko'ina, a nan yake kwanciya. Na ga wadda aka ce mai lagwani ce, da na ja igiyar sai ta zare a hannuna, ashe an soka ta ne kawai a bakin huda, ba ta shiga ƙasa ba. Wani kuma zai haɗa 'ya'ya uku a tukunya guda don ta yi kama da babbar shuka. Mai kyau tsakiya ɗaya gare ta, ganye na zagaye ta a jere. Haka nan ana kawo gulokziniya, 'yar uwarta mai manyan fure kamar ƙararrawa, a ce maka "babban iri" ne. Ita dabam ce, tana da ƙulli a ƙasa, kuma takan zubar da ganye ta yi barci bayan fure.

Kafin ka biya, danna tsakiyar a hankali da ɗan yatsa, ta zama da tauri. Leƙa hammatar ganye ko akwai farin abu kamar auduga, wannan ƙwaro ne mai tsotsar shuka. Ka ce, "Malam, ɗan zare min ita in ga saiwa." Fara ko mai haske ita ce lafiyayya, baƙa mai wari ka ajiye masa kayansa. In ya ƙi zarewa, matsa wajen na gaba. Wadda ka saya kuma ka ware ta daga sauran furanninka na tsawon wata guda kafin ka haɗa su a taga ɗaya.