PSS-14 ko PSS-10: Wanne Ya Fi Dacewa da Masu Jin Sinanci?

Mai bincike a ƙasar Sin da ke son auna yadda mutane ke jin matsin rayuwa yakan zaɓi ɗaya daga ma'auni biyu, kuma tushensu guda. Masanin halayyar ɗan Adam Sheldon Cohen da abokan aikinsa ne suka fito da PSS (Perceived Stress Scale, wato ma'aunin jin matsin rayuwa) a Amurka a 1983, mai tambayoyi 14. A 1988 aka rage su zuwa 10.

Dogon yana da tambayoyi bakwai kan jin al'amura sun fi ƙarfin mutum, bakwai kan jin zai iya shawo kansu, makinsa daga 0 zuwa 56. Shi ne wanda wani mai bincike ɗan Sin, Yang Tingzhong, ya mayar Sinanci a 2003, ya kuma yaɗu. Gajeren shida da huɗu ne, makinsa ya tsaya a 40, domin an cire huɗun da ba su tafiya daidai da sauran.

Fassara kaɗai ba ta isa. Sai an juya ta zuwa Turanci an gwada da asali, a kuma duba ko amsoshin mutane sun jitu. A Hong Kong, wani bincike na 2010 kan masu ciwon zuciya mashaya taba ya fifita mai 10. A 2011 aka gwada shi kan 'yansanda mata a Sin, ya tabbata abin dogaro.

Ni dai na fi karkata ga gajeren. Majiyyaci da ke zaune a gajiye, ƙarin tambaya huɗu nauyi ne a kansa. Amma wanda zai kwatanta sakamakonsa da tsofaffin binciken da aka yi da mai 14, gara ya zauna a kan dogon.