Wasiƙa daga Ohayo: jan bulo a sama, bututu a ƙasa

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, da fatan Inna da su Hajiya da yara duk suna lafiya. Ka ce in daina turo maka hotunan dogayen benaye, in ba ka labarin aikin hannu tunda shi ne abincinka. To ga shi. Ɗan kwangilar da nake yi wa aiki yanzu gyaran titi yake karɓa bayan masu ruwa da masu gas sun gama haƙe-haƙensu, kuma inda aka fi tura mu wata tsohuwar unguwa ce kudu da tsakiyar birnin Kolombus na jihar Ohayo a Amurka, ana ce mata German Village. Titunanta da yawa jan bulo ne, ba kwalta ba. Aikinka na intalok ne sak, sai dai bulon nan ya girmi kakanmu.

Jamusawa 'yan ci-rani ne suka kafa unguwar a ƙarni na 19, magina da leburorin masana'antun giya. Da aka yi yaƙin duniya na farko sai aka tsani duk wani abu na Jamus, aka zo kuma aka haramta giya a Amurka masana'antun suka rufe, unguwar ta yi ta lalacewa har aka rushe wani sashe nata ta arewa. A 1960 wani mai suna Frank Fetch ya tara maƙwabta suka kafa ƙungiya don ceton abin da ya rage, a 1974 kuma aka sa ta a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Yau ɗan ƙaramin gidan da lebura ya gina wa kansa ya fi ƙarfin irinmu. Ni can arewa maso gabashin gari nake kwana, inda 'yan Somaliya da 'yan Gana suke da yawa.

Bulon shi kansa abin kallo ne. Ba irin na gini ba ne, ya fi shi girma da tauri, guda ɗaya zai kai kilo huɗu. Idan ka juya wasu sai ka ga sunan garin da aka gasa su a jiki, kamar Nelsonville, wani gari mai yumɓu da kwal a kudu maso gabas. Gishiri ake watsawa cikin wutar gashi, ya narke ya zame masa fata mai sheƙi wadda ruwa ba ya ratsawa. Shi ya sa ya haura shekara 100 ƙarƙashin dusar ƙanƙara da tayar mota bai ruɓe ba. Intalok ɗin da ake buga mana a gida, wanda buhun siminti ɗaya ake so ya haifi abin da ba zai iya ba, ka fi ni sanin damina nawa yake yi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ba bulon ba ne, abin da ake yi ne kafin a taɓa shi. A nan ba ka isa ka sa diga a ƙasa ba, ko a ƙofar gidanka, sai ka buga lamba 811. Kyauta ne, kuma doka ce a Ohayo ka ba da sanarwa aƙalla awa 48 kafin haƙa, ban da ranakun hutu. Sai kowane kamfani ya turo mutuminsa da na'ura da gwangwanin fenti ya zana inda kayansa suka bi: ja na wuta, rawaya na gas, shuɗi na ruwan sha, kore na magudanar ƙazanta, ruwan lemo na tarho da intanet. Fari kuma shi ne iyakar inda kai mai haƙa kake nufi. Kan mu iso titi ya cika da zane da 'yan tutoci. Ka tuna lokacin da katafila ta tsinke bututun layinmu, ruwa ya yi ta malala har yara suka mai da wurin kududdufin wanka, kowa yana cewa ba shi ba ne? Nan ma ana tsinkewa, ba mala'iku ba ne. Bambancin, takarda tana nuna wanda ya buga waya da wanda bai buga ba, wanda ya zana daidai da wanda ya kauce, kuma mai laifin shi zai biya.

Cirar bulo da hannu ake yi. Na farko shi ne mai taurin kai, sai an sha fama da ƙarfen ɓanɓara, idan ya fita sauran sukan biyo cikin sauƙi tunda yashi ne ya riƙe su, ba siminti ba. A kankare kowanne, a jera kan katako, a ɗaure. Oga yana sa ido ƙwarai, don akwai masu sha'awar tara irin mai suna a jiki, ka juya baya sai ka ga layi ya yi giɓi. Wanda ya fashe ba za ka shiga kanti ka sayo irinsa ba, masana'antun sun daɗe da mutuwa, sai a nemo daga tsofaffin da aka ciro a wani titin aka adana.

Mayarwa ita ce inda ake gane gwani. Ramin ba a cika shi lokaci ɗaya, kaɗan-kaɗan ake zuba tsakuwa ana bi da injin daɓe, in ba haka ba bayan sanyi wurin zai lotsa ya zama kwari. Sai a zuba kankare inda ake buƙata, a shimfiɗa yashi, a ja igiya, a durƙusa. Fuskar da ta sha taya ita ake sake kallar da ita sama domin launi ya zo ɗaya da na maƙwabtanta. Akwai wani dattijo ɗan Meziko a cikinmu, ba ya ko duban igiya, tafin hannu yake shafawa ya ce wannan ya ɗaga, ya ba shi gudumar roba sau biyu. Na ga ya tsince layi guda cur saboda tsakiyar titin ba ta yi ɗan tudun da zai kora ruwa gefe ba. A ƙarshe a share busasshen yashi cikin tsagogi, mai duba aiki na hukumar birni ya zo. In bai gamsu ba, a sake, kuɗin daga aljihun ɗan kwangila.

Da yake cirewa da mayarwar nan tana cin kuɗi da lokaci, dabararsu ita ce kada a haƙa sai dole. Sabon bututun gas na roba ne, rawaya. Sai a yi ɗan rami nan, a yi wani can gaba, inji ya huda ƙasa ta ƙarƙashi ya jawo bututun, titi bai san an yi ba. Tsohuwar magudana kuwa, wata doguwar riga ake jiƙawa da danƙo a zura ta cikinta, a hura, a dafa da tururi, ta daskare ta zama sabon bututu a cikin tsoho. Na ruwa ne ba ya yafiya, don sama da mita ɗaya ake binne shi gudun ƙanƙara. Ga kuma maganar dalma: Amurka ta hana sa sabon bututun dalma tun 1986, amma tsofaffin suna nan a gidajen da, kuma tun da gubar dalma ta gurɓata ruwan sha na garin Flint a 2014 hankalin mutane ya tashi. A 2024 hukumar kare muhalli ta ƙasa ta fitar da ƙa'idar a cire su cikin shekara 10. Mu dai aiki ya samu.

Kada ka ɗauka komai lami lafiya ake yi. A 2017 rigima ta tashi tsakanin ƙungiyar unguwar da kamfanin Columbia Gas, wanda ya so fito da mitocin gas daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa zuwa waje. Ƙungiyar ta kai ƙara gaban hukumar jiha mai sa ido kan kamfanonin wuta da gas, tana cewa mita a gaban gida za ta ɓata fuskar unguwa, kuma a titi mai matsi mota na iya bugunta. Kamfanin ya ce a waje ta fi aminci, in gas ya tsiyaya iska ta kwashe. Ni a nawa ganin kamfanin yana da hujja, gas a rufaffen ɗaki ba abin wasa ba ne. Amma abin da ya tsaya mini shi ne maƙwabta sun yi karo-karo sun ɗauki lauya saboda bango da titi. Mu ganuwa guda muke kallo ana yanka filoti a kanta.

Kuma duk wannan ba sadaka ba ce. Takardar ruwa tana zuwa haɗe da kuɗin magudana. Takardar gas tana da wani kaso da ba ya sauka ko da bazara ce ba ka ɗumama ɗaki ba, a ciki har da kuɗin sauya bututun nan. Gefen titi da ake tafiya a ƙasa kuwa, in saiwar bishiya ta ɗaga bulonsa, mai gida ne zai gyara. A gida kowa gwamnatin kansa ne, ga rijiyar burtsatse, ga sokawe, ga sola ko janareta, ga tukunyar gas. Wahala ce da tsada, amma in abu ya tsaya kana da mafita. Nan in ka kasa biya aka yanke, babu ɗan ga-ruwa da za ka ƙwala wa kira.

Titin bulon ma ba daɗin tuƙi gare shi ba. Mota tana kaɗawa kamar ka bi hanyar ƙauye bayan damina, mai keken guragu yana shan wuya, in ƙanƙara ta kwanta kuma santsi. Za ka ga tabon kwalta baƙi nan da can, aikin waɗanda suka haƙa a shekarun baya suka liƙe suka tafi. Wayoyin wuta ma a kan falwayar katako suke rataye, iska mai ƙarfi ta kayar da reshe a ɗauke wuta. Sannan wannan lallaɓawar ba kowace unguwa ke samunta ba. A wurare da dama kwalta aka malala kan irin wannan bulon tun tuni, sai rami ya ɓalle ka hango jan a ƙasa.

Game da lungun da ka ce an ba ka kwangilarsa: kafin ka shimfiɗa yashi, ka binne bututun roba fanko a ƙofar kowane gida da kowace mahaɗa, ka toshe bakinsa, ka ɗauki hoto da awo ka ba mai unguwa kwafi. Duk mai son jan ruwa ko waya gobe ya zura ta ciki. Ka kuma roƙi masu aikin su bar maka rarar intalok ko guda ɗari a ajiye, don launin ba zai sake fitowa daidai ba. Na saya maka matashin gwiwa irin wanda muke ɗaurawa da gudumar roba biyu, zan ba mai tahowa Kano bayan salla. A gaida Inna, a ce mata maganinta yana cikin kayan.