Gargaɗi kan masu sayar da murhun gashi na gwanjo da tiyo babu regileta

Jama'a, a yi hattara da wani shafi da ke tallar ƙananan murhun gashi na gas a Facebook da TikTok. Ban kama suna ba don duk 'yan makonni yake canza suna, amma tallar ɗaya ce: bidiyon Bature yana gasa nama kusa da a-kori-kura mai ɗaki a baya, sai murya ta ce kayan Amurka ne, ka jona da tukunyar gas ɗinka ta gida ka fara tsire yau. Masu suya, masu shayi da matan da ke sayar da abinci a bakin makarantu su ne ake farauta. Kuɗi ake fara turawa, kuma sunan da ke kan asusun ba shi ne na shafin ba. Wasu sun tura an toshe lambarsu. Waɗanda kaya ya iso musu su ne suka fi ba ni tsoro.

Murhun da gaske na Amurka ne, ƙaryar ba a nan take ba. An ƙera shi ne don irin motocin nan da suke fita daji da su su kwana a ciki. Motar tana da nata regileta a bakin tukunya, wanda ke sauke ƙarfin gas zuwa kusan milibar 28 (milibar ma'aunin ƙarfin gas ne) kafin ya bi bututu ya fito a wata kafa da ke gefen motar. A wannan kafar ake maƙala murhun. Shi ya sa yawancin irinsa ba su da regileta a jikinsu, maɓallin rage wuta kawai gare su. Tukunyarmu kuwa, ko da nau'in gas ɗin da ake kira butan ne zalla a ciki, a zafin Kano ko Sakkwato ƙarfin da ke cikinta ya haura bar 2 (milibar 2,000 ke nan), wato ya ninka abin da murhun zai iya ɗauka fiye da sau 70. In akwai ɗaya nau'in gas ɗin, furofen, a gauraye, abin ya fi haka nesa ba kusa ba.

To shi wannan bawan Allah mai shafin, abin da yake haɗa maka a kwali, tiyo ne da wani ɗan ƙarfe da aka yi wa zare a wurin mai walda, ka ɗaura kai tsaye a kan tukunya mai kilo 3 ko 6, inda ake ɗaura kan girki. Babu abin da ke tsakanin tukunya da wuta. Kana buɗewa gas zai fito da ƙara kamar an huda taya, wutar ta tashi ta bar kan murhun, maɓallin ya fara yoyo ta gindi don ba a yi shi don wannan ƙarfin ba.

Na riƙe ɗaya daga cikin tiyon a hannuna a wurin wani mai balangu da ya saya, Allah ya sa bai kai ga kunnawa ba. Launinsa ruwan lemo ne irin na gas, amma tun daga farko har ƙarshe babu rubutu ko ɗaya. Tiyon gas na ƙwarai za ka ga an buga LPG a jikinsa, da ƙarfin da yake ɗauka, da shekarar da aka yi shi. Da muka yanka bakinsa da reza, babu zaren da ake saƙawa a tsakiya, roba ce falle ɗaya irin ta ban ruwan fulawa. Maimakon kilif mai ƙusa, wayar ɗaure rodi aka murɗa. Gas yana cinye irin wannan robar, ta bushe ta tsage, kuma da yake ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru a ƙarƙashin tebur ko bayan keke, daidai inda gawayin maƙwabcinka yake ci.

In ka yi ƙorafi zai ce regileta na hana wuta ƙarfi. Akwai ƙwayar gaskiya a nan da yake fakewa da ita: wani nau'in murhun, wanda ake ɗaura wa ƙaramar kwalbar gas mai nauyin fam 1, yana da nasa regileta, in aka ƙara masa na biyu wutar takan yi sanyi. Amma wannan daban ne da wanda yake sayarwa, kuma ya sani.

Duk wanda ya riga ya karɓa, don girman Allah kada ya kunna. Ya cire tiyon ya yanyanka kafin ya jefar, kada yaro ya tsinta ya sayar wa wani. Murhun kansa bai lalace ba: a kai wa mai gyaran gas da ke da shago a sa masa regileta mai sauke ƙarfi zuwa milibar 28 ko 30, da tiyo mai rubutu da kilif biyu. A shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa a waje, a fili, in ta yi kumburi a rufe tukunya. Ba a gwada yoyo da ashana.

A ajiye shaidar tura kuɗi da hoton tallar. A kai wa banki, a kai ofishin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, na jiha saboda kayan jabu ne, a kuma shigar da ƙara a FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya. Wanda ke da ɗan uwa mai suya ko mai shayi da ba ya karatu, ya zauna ya karanta masa wannan yau.