Kilt cikin gaggawa: haya, gwanjo ko ɗinki?

Abokin karatunka ɗan Sikotlan ya gayyace ka bikin aurensa, ya ce maza duk za su sa kilt, wato siket ɗin gargajiyar mazan can, saura sati uku, aljihu kuma na ɗalibi ne. Kada ka je wurin maɗinki. Wannan ce shawarata ta farko, ko da kana da kuɗin.

Kilt na gargajiya yadi 8 ne na ulu, yawancinsa ana ninke shi a baya a yi tattara, gaba kuma a bar shi shimfiɗe, ɓangare ɗaya kan ɗaya. Maɗinki na auna ka ne daga cibiya, ba daga inda wando ke tsayawa ba, ya sauka zuwa ƙoƙon gwiwa. Idan zanen tartan ɗin (wato zanen layukan launi masu gittawa da juna) da ka zaɓa ba ya cikin shagon, sai an saƙo shi daga masaƙa irin su Lochcarron da ke Selkirk, nan kuwa makonni shida zuwa takwas ba wani abu ba ne, wani lokaci ya wuce. Kuɗinsa ɗaruruwan fam ne, ban da riga da takalmi. Kaya ne na wanda zai sa shi shekara ashirin, ya bar wa ɗansa.

Ga mai sati uku, haya ce ta fi. Shagunan haya sun cika Glasgow da Edinburgh da Aberdeen, kuma kayan gaba ɗaya suke bayarwa: kilt, kwat, doguwar safa, takalmi mai dogon igiya, da sporran, wato jakar fatar da ake ratayawa a gaba tunda kilt ba shi da aljihu. Ulun gaske za ka sa, wanda ke lilo yadda ya kamata idan an shiga ceilidh, rawar gargajiyarsu ta biki. Abin lura shi ne lokaci. Daga Mayu zuwa Satumba ana ta bukukuwan aure, sannan ga daren tunawa da marubucin waƙoƙinsu Robert Burns ran 25 ga Janairu da shagalin sabuwar shekara. A waɗannan lokutan awonka na iya ƙarewa. Ka je yau, ka biya kafin alƙalami, ka tambayi ranar maido da kaya da tarar latti.

Akwai hanyar da mutane ke mantawa da ita, ni kuwa ita na fi so. Shagunan hayar nan kan sayar da tsofaffin kayansu. Gwanjo ne, amma gwanjon ulu mai nauyi, kuma kuɗinsa ya yi ƙasa da na sabo nesa ba kusa ba. Ka buɗe tattarar ɗaya bayan ɗaya ka nemi ramin asu, ka duba madaurin fata ko ya tsattsage. Ƙugu ana iya gyara shi da inci ɗaya ko biyu ta hanyar matsar da madauri. Tsawo ne matsala: bakin ƙasan kilt bakin saƙa ne, ba kalmasa ba, don haka wanda ya yi maka gajere ya yi ke nan. Idan ka tsaya, gwiwarka ta fito tsirara gaba ɗaya, ajiye shi.

Sai masu arha da ke rataye a ƙofar shagunan 'yan yawon buɗe ido a kan titin Royal Mile da ke Edinburgh. Na roba ne, marasa nauyi, tsawonsu yawanci inci 24 ko kai dogo ne ko gajere. Don zuwa kallon ƙwallo a filin wasan Hampden da ke Glasgow ba laifi. A wurin biki kuwa, arha ba ta ado. Iska kaɗan ta ɗaga shi, kuma kowane dattijo a wajen ya gane shi daga nesa. Idan dole sai sabo kuma kuɗin ya gaza, nemi mai yadi 5 na polibiskos, wani yadi da ba na ulu ba, ya fi acrylic, wato yadin robar masu arhar nan, zama a jiki kuma ana iya wanke shi.

Batun zane kada ya dame ka. Ba ka da dangi a cikin kabilun can, to ɗauki Black Watch mai shuɗi da kore da baƙi, wanda kowa ke sawa ba a ce uffan. Amma tambayi ango tukuna, don sau da yawa ya riga ya zaɓi zane ɗaya ga abokansa, har ya yi magana da shagon da za a yi hayar.