Rumfar katakon da ta hana ni sayen ɗanyen madaci

Shekara huɗu na yi a hannun kawuna muna haɗa benci da teburan makaranta. Bana na share zauren gidanmu a Badariya, nan Birnin Kebbi, na kafa teburin aiki na kaina. Aikin farko daga maƙwabciyarmu Inna ya zo: ƙyaure biyu na ɗaki da tagogi uku. Ta ce ba ta son na ƙarfe, don idan ranar Afrilu ta doke shi ɗakin tanda yake komawa. Duk wanda ya san zafin garin nan, da ke haura maki 40, ba zai musa mata ba.

Wani abokin sana'a ya tura ni rumfar wani dattijo cikin 'yan katako. Ina isa idona ya faɗa kan wasu faffaɗan allunan madaci, jajaye, waɗanda aka sauke daga mota a makon. Har na fara ware su, sai ya taso ya ɗaga kan ɗaya ya ce in ji nauyinsa. "Ɗana, wanga icce ɗanye na. In ka yi ƙyaure da shi yanzu, hunturu na zuwa za ka ga rana ta tsakaninsa." Na ce, "Baba, ai mai aikin sauri take yi." Ya ja ni bayan rumfa, inda ya jera wasu alluna a inuwa, an ɗaga su daga ƙasa, da 'yan sanduna tsakanin kowane allo don iska ta ratsa. Waɗannan sun fi tsada kaɗan, kuma bai ɓoye mini ba. Su na saya, kuma wannan abin da ya yi shi ya sa nake wannan rubutu.

A wurinsa na fahimci abin da kawu bai taɓa zaunar da ni a kansa ba, domin benci ba ya buƙatarsa. Katako ta faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Shi ya sa allon tsakiyar ƙyaure ba a shafa masa gam. A tsaga masa hanya a jikin firem, a zura shi, a bar masa wurin motsi idan damina ta kumbura shi. Ya kuma ce in daina dogara da ƙusa a kusurwa, in huda rami da cizal a jikin katako ɗaya, in fiƙe kan ɗayan ya shiga daram. Kafin gam ya kama, in auna da tef daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. In awon ya zo ɗaya, ƙyauren bai karkace ba.

Malaina ma yana da ita, mai sauƙin kuɗi da sauƙin gogewa, da ita na yi tagogin. Amma sai da ya nanata in shafe ƙasan firem da maganin gara kafin a kafa, don ginin Inna na ƙasa ne.

Akwai inda ban ji daɗi ba. Injin tsagawa da na gogewa ɗaya-ɗaya ne a wurin, ranar da babu wuta kuwa sai an tara masu aiki kafin a tada janareta, a kuma ƙara kuɗin mai. Na yini guda ina jira. Yaron da ke kan injin ma gaggawa gare shi: katako biyu ya tsaga mini ba daidai ba, sai a gida na gani, na sha wahalar daidaita su da hannu. Yanzu ina tsaye a kansa da tef ɗina, in ja layi da fensir da kaina. Haka allon da ake kira inci 12, ka auna shi a wurin, domin bayan bushewa da gogewa ba ya cika.

Ƙyauren nan, ƙafa 3 da ƙafa 7 kowanne, sun ga ƙarshen hunturu, sun shiga damina. Ɗaya ya ɗan cije daga sama cikin Agusta, na goge bakinsa kaɗan ya saki. Jiya na koma rumfar na biya kuɗin alluna shida na madaci, na roƙi Baba ya bar mini su a inuwarsa har sai an gama girbi.